Ku Ɗan Taɓa Shi Kaɗan

Bana ruwa ya yi mana rowa a Greensboro, nan Amurka. Tun da muka shuka kuɓewa da yakuwa a filin da Alhaji Mamman ya ara mana a McLeansville, sama take ta yi mana alkawarin ƙarya. Hadari ya haɗu da la'asar, ya yi baƙi ƙirin, ya yi ta ruri, sannan iska ta kwashe shi ta kai wa mutanen Summerfield da dawakansu. Jar ƙasar nan ta bushe har ta tsage, ga zafi mai danshi da ke manne wa mutum riga a baya. Sai da muka fara fid da rai, sannan ruwa ya ɓalle kwana da kwanaki, ciyawa ta taso lokaci guda ta rufe shuka. Ranar Asabar da muka taru don mu yi noma, ina sunkuye da hauya, warin jiƙaƙƙiyar ciyawa ya bugi hancina. Na san wannan daminar. Na taɓa rayuwa cikin irinta ina yarinya, a ƙauyenmu.

Da rana ta take muka koma inuwa muna shan kunu. Alhaji Mamman, wanda shi ne babba a cikin mutanenmu na nan, ya ciro waya yana nuna wa kowa wani hoto mai motsi. Wai wata ƙasa ce can gabas mai nisa, shugabanta ya sakar wa 'yan sanda hannu a kan masu sayar da ƙwaya da masu shanta, har ana tsintar gawa a bakin titi.

“Kun ga shugaba!” in ji Alhaji. “Da haka ake yi a ko'ina, da 'ya'yanmu ba su lalace ba.”

Mata suka ɗauka. Wannan ta ce Allah Ya ƙara masa ƙarfi, waccan ta ce ai lallashi ne ya kashe yaran zamani. Wata ce kawai ta ce ta ji mutanen ƙasar suna yabon aikin, amma in sun hango 'yan sandan sai su shige gida su kulle ƙofa. Alhaji ya ce ai tsoron shi ne maganin.

Na ce, “Alhaji, wa yake nuna musu wanda za su harba?”

Ya yi dariya ya ce, “Hajiya Hadiza, ke dai ba ki yarda da kowa ba.”

Bai yi ƙarya ba. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk wannan jawabin da yake yi, ba mu yake kallo ba. Maigidana yake kallo, Malam Isufu, shi kuwa Malam ya sunkuyar da kai yana juya kofi. Nan take na gane cewa maganar Bashir ta fita daga gidana.

Bashir shi ne autanmu, a nan aka haife shi. Dogo ne, baƙi, mai faɗin kafaɗa, ga saurin hawa. Ubansa ne ya samo masa aikin dare a wani sito, ya ce ya haɗa da kwaleji da rana, namiji ba ya zama. Yaro ya haɗa. Tun cikin bazara na ga ya rame, ido ya yi ja, ba ya barci, magana kaɗan ya hau faɗa. Ranar da na ɗauki motarsa zan je kasuwa, na tsinci 'yan ƙwayoyi a aljihun ƙofa, cikin leda, ba sunan likita a jiki. Na tambaye shi, ya fizge ya ce, “It's nothing, Mama,” ya buga ƙofa. Ni da uban kaɗai muka sani. Haka dai na ɗauka.

A hanyarmu ta komawa gida a unguwar Glenwood, Malam ya fito da abin da ke cikinsa. Ya ce Alhaji ya ba shi shawara: a kira 'yan sanda gida, ba don su tafi da shi ba, su dai yi masa magana, in ta kama su sa masa ankwa na ɗan lokaci a gabanmu, ya ji tsoro ya dawo hanya. Wai akwai wanda ya yi wa ɗansa haka, yanzu yaron har limanci yake yi.

“Su ɗan tsorata shi kaɗan kawai,” in ji Malam.

Na ce ya tsaya a gefen hanya. Ya ɗauka zafi ne ya buge ni.

Waccan shekarar da nake nufi a ƙauyenmu, ban kai girman da zan iya daka ni kaɗai ba, aikina kai abinci gona ne. Daminar da ta gabace ta ba ta yi kyau ba, saboda haka tun kafin bazara ta raba, rumbunmu ya fara amsa kuwwa in Inna ta leƙa ciki. Rana ta yi ta dukan gari. Rijiya ta ja baya, sai an ƙulla igiya kan igiya, gugan ya fito da rabin laka. Muka koma cin anza. Wanda bai san anza ba ya gode wa Allah: 'ya'yan itace ne masu ɗacin tsiya, sai an jiƙa su ana sauya ruwa har ɗacin ya ragu, sannan a dafa a ci ana rufe ido. Da ita da kwaɗon tafasa muka yi ta jan rai. Ruwan farko ya sauka, aka fita da murna aka yi shuka, sai sama ta ɗauke. Gero ya tsiro kamar allura ya ƙone a tsaye. Baba ya sake shuka da irin da ya karɓo wurin kawuna, ita ma rabi ta tafi. Na tuna yadda Inna take tsayawa a bakin zana da yamma tana kallon gabas.

Da ruwan ya zo kuwa, sai ya zo gaba ɗaya kamar na bana. Ciyawa ta taso ta fi gero tsawo. Kowa gonarsa na kiransa a rana ɗaya, ga maza duk yunwa ta cinye musu ƙarfi, mutum ya yi kunya biyu sai ya dafa hauya yana haki. Dole aka koma gayya: yau a taru a gonar wane, gobe a gonar wane, makaɗi na biye da su da ganga yana zuga su, mai gona ya ba da kunu.

A wannan kunun maganar take. A kasuwar da muke ci akwai wani mai tebur da ke sayar da sukari da ashana da batir, a ƙarƙashin tebur kuma yana da wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi da samari ke cewa suna sa mutum ya ji garau. Ba wanda ya ɗauke su wani abin kunya a lokacin. Maganin gajiya ake ce musu. Ranar gayyarmu na ɗauko ƙwaryar kunu na kai bakin gona, Baba ya karɓa ya kai bayan wata kalgo, ya kwance bakin zanen da ya ƙulle su, ya murƙushe da gindin ludayi ya zuba ya gauraya. Bai ɓoye mini ba, don ba ya ganin akwai abin ɓoyewa. Duk dattijon da ya yi gayya a daminar nan haka ya yi, har da liman, har da mai gari. In ba haka ba ciyawa ta cinye gero, kuma wata shekarar anza ke nan.

Yaya Lawali, wan da nake bi, shi ne gwanin noman garinmu. In ya sunkuya sai dai a ga ƙasa na tashi. Makaɗi na ganinsa yake sauya kiɗa, 'yan mata su yi ta guɗa. Ranar nan, da ya sha kunun Baba, ya bar kowa a baya, ya kai ƙarshen kunya ya juyo ya tarye su. Kowa son ya zo gonarsa yake, kuma kowace gona da nata kunun. Kafin a gama noman firi a shiga maimai, Yaya Lawali ya daina jiran gayya, shi yake zuwa wurin mai tebur da ƙafarsa. Ya daina barci. Haƙoransa su yi ta ƙara yana tauna iska. Shi da yake goya ni a wuya in mun dawo gona, ya koma in na yi masa magana sai tsawa. Wata safiya Inna ta ce masa ya ci wani abu kafin ya fita, ya hamɓare tulu ya fashe a gabanta. Inna ta tsuguna tana tsince gutsattsarin tana kuka.

Ana cikin haka rediyo ta fara shelar cewa hukuma ta tashi yaƙi da masu ƙwaya. Dattawa suka taru gindin bishiyar bedi suna saurare suna gyaɗa kai. Ranar kasuwa motar jandarma ta zo, aka kwashi samarin tasha, aka aske su da kwalba, aka yi ta tsula musu bulala a tsakiyar kasuwa. Ina nan tsaye da tallan Inna, na ga mutane suna tafi. Tir! Waɗanda suka fi kowa tafi su ne masu gaurayen kunu. Mai tebur kuwa ko ƙwarzane. Da yamma na gan shi yana zuba wa jandarmomin shayi, ana hira ana dariya. Tun daga ranar na fara zama irin matar da Alhaji Mamman yake wa dariya yau.

Gari ya ɗauki wani irin shiru. Motar ta fara shigowa ƙauyuka, kuma ba ta laluɓe, kai tsaye take tsayawa a ƙofar gidan da take so. To wa yake faɗa musu? Ba wanda ya sani, saboda haka kowa ya zama abin zargi. Wanda kuka yi rigimar iyakar gona da shi bara, in ya gaishe ka da fara'a sai cikinka ya ɗuri ruwa. Mata suka daina hira a bakin rijiya. Inna ta hana ni shiga gidan maƙwabta, wai kada a ja ni da magana. Amma duk da wannan tsoron, in aka zauna gindin bedi sai ka ji ana cewa hukuma ta kyauta, a ci gaba. Da baki suna yabo, da ido suna kallon hanya.

Baba ya yi ta juya abin. Ga yaro ya fi ƙarfinsa, ga mota na yawo. A al'adarmu, in ɗa ya gagari uba, ba a zuba masa ido. Ana kama hannunsa a kai shi wurin kawu ko malami a ce, ga shi nan, a hora mini shi. Wanda aka kai wa ya san iyakarsa, don gobe za ku haɗu a masallaci, kuma ɗan nasa ne shi ma. Baba ya ɗauki hukuma a matsayin wani babban kawu. Akwai wani kaporal, wato kofur, a barikin jandarma da yake sayen ƙwan zabi a wurinmu, mutum mai fara'a, har alewa yake ba ni. Baba ya ce wa Inna, “Gara in kai shi da hannuna wurin wanda na sani, kafin a nuna shi a kai shi wurin wanda ban sani ba.”

Inna ta ce masa, “Ni dai ban yarda da mutanen nan ba.”

Ya ce, “Haba, gwamnati ce fa. Akwai doka.”

Ranar kasuwa ya ce wa Yaya Lawali ya raka shi ya riƙe masa kaji. Ni ma ina biye da ƙwaryar ƙwai a kai. An yi ruwa da asuba, hanya duk taɓo, gero a dama da hagu ya kai ƙugu, kore shar, aikin hannun Yaya. Da muka isa ƙofar bariki Baba ya gaisa da kaporal, ya miƙa masa zakara, ya kama hannun ɗansa ya sa a nasa. Kalmomin suna kunnena har gobe.

“Ranka ya daɗe, ɗanka ne. Ku ɗan taɓa shi kaɗan, ya ji tsoro. Gobe in zo in ɗauka.”

Kaporal ya ce kada Baba ya damu. Na yarda har zuciyarsa ya faɗa. Yaya Lawali bai yi gardama ba, ya dai juyo ya dubi Baba, ya dube ni, aka shiga da shi.

Da gari ya waye Baba ya koma. Kaporal ba ya nan, an tura shi wani wuri. Wanda ke bakin ƙofa ya ce mota ta zo daga birni ta kwashe duk waɗanda ke ciki, ba a ware na wane da na wane ba. Baba ya ce shi fa da kansa ya kawo shi, amana ya bayar. Mutumin ya ce, “To, ka taimaki hukuma, Allah Ya yi maka albarka. Matsa daga nan.”

Gero ya yi kai, ya nuna, aka yi girbi ba Yaya Lawali. Shekarar kuwa an samu amfanin da aka daɗe ba a ga irinsa ba, har rumbu ya kasa ɗauka. Duk ranar kasuwa Baba yana zaune a bakin bariki da ƙullin fura, da yamma ya dawo da ita ta yi tsami. Sai da aka gama ɗaure damma sannan wani direba ya sauke mana shi a bakin hanya. Na ruga da gudu, na tsaya. Yatsun hannunsa na dama sun karkace sun ƙage, ba sa buɗewa. Kunne ɗaya ya mutu. Ƙwaya dai ya daina, wannan gaskiya ne, sai dai ya daina magana ma. In ya ji ƙarar mota, ko daga nesa ne, sai ya rarrafa ya shige ƙarƙashin rumbu, sai Inna ta yi ta lallashi kafin ya fito. Bai sake riƙe hauya ba har ya koma ga Allah. Baba ne yake ba shi tuwo a baki, kuma bai ƙara kiran gayya ba, gonar ta yi ta raguwa har ta koma iyakar abin da tsoho ɗaya zai iya nomewa.

Da mutane suka fara tambaya, sai gidanmu ya ce iska ce ta taɓa shi a hanyar birni. Gari ya karɓa da hannu biyu, don kowa ya fi son aljani ya ɗauki laifin. Da wannan labarin Malam Isufu ya aure ni. Ya san ina da wa mai taɓin hankali, ya sha kai masa goro, bai san komai bayan haka ba. Ban taɓa faɗa ba, don Baba na raye a lokacin, bayan ya rasu kuma na ga tonawa ba ta da amfani.

Ba na cewa nan can ne. A nan wata 'yar sanda ta taɓa tsayawa cikin ruwan sama ta sauya mini tayar mota, har ta raka ni gida. Na gode mata, ina kuma yi mata addu'a. Amma kaporal ma mutumin kirki ne. Abin da na sani shi ne, wanda ka kira ba lalle shi ne zai zo ba, kuma wanda ya zo bai san cewa Bashir in ya tsorata ɗaga murya yake yi ba. Zai ga dogon baƙin saurayi yana ɗaga hannu, ga ƙwaya a mota. Daga nan kuma ba a tambayar uba abin da ya nufa.

Na yi ta faɗa wa Malam haka har muka iso gida, ban dai ambaci Yaya ba. Na ce mu kai shi asibiti, akwai masu duba irin wannan, ni zan zauna da shi. Na ce a cire shi daga aikin daren nan, wa ya ce ɗan Adam inji ne? Malam ya ce ni ce nake ɓata shi. Ya ce, “Nan Amurka ce, Hadiza. Akwai doka.” Na ce masa na taɓa jin wannan maganar. Ya ce a ina, na buɗe ƙofar mota na shige gida.

Lahadi da la'asar hadari ya sake haɗowa. Muna baranda, Malam na zaune da waya a hannu yana juya ta, ni ina yankan kuɓewa amma idona na kan yatsansa. Bashir yana bakin titi ya buɗe gaban motarsa yana duba wani abu. Sai ga motar 'yan sanda ta shawo kwana, tana tafiya a hankali, a hankali, har ta kusa tsayawa daidai gidanmu. Malam ne ya riga ya kira? Alhaji ne ya yi mana gwaninta? Ko matar da ta ce lallashi ya kashe yara? Ban san sanda na miƙe ba, kuɓewa ta watse, na ji muryata tana tsaga unguwa.

“Lawali! Shiga gida! Lawali!”

Motar ta wuce. Ashe wasu ɗalibai ne a kan keke suka tare mata hanya. Bashir ya tsaya da sifana a hannu yana kallona. Malam ma ya miƙe.

“Hadiza, lafiya? Me ya kawo marigayi nan?”

Na zauna a kan matakala. Na ce, “Ba iska ba ce, Malam. Ba aljanin da ya taɓa shi. Baba ne ya kai shi bariki da hannunsa, ina riƙe da ƙwai. Cewa ya yi su ɗan taɓa shi kaɗan.”

Malam ya daɗe a tsaye. Shi ya san hannun nan na Yaya Lawali, ya sha sa goro a cikinsa yana naɗe yatsun. Ruwa ya fara ɗiga a kan kwano. Ya dubi wayar, ya dubi ɗansa, sannan ya sunkuyo ya ajiye ta a cinyata, cikin ragowar kuɓewa.

Bashir ya hau matakala yana goge hannu a wando. Da Hausarsa mai tsami, wadda ya daɗe bai yi mini ita ba, ya ce, “Mama, waye Lawali?”

Na matsa masa wuri na ce ya zauna.